Kundin aikin haɗa agogon zafin ruwa a Hilux bayan sauya inji

Asabar, 17 ga Fabrairu, 2024

Yau da la'asar sabon injin ya tashi a karo na farko, bayan mako uku motar tana gareji. Hilux ce ƙirar 1991, wadda nake jigilar taki da amfanin gona da ita tsakanin Kano da Kadawa. Injinta na asali, 22R mai kafireto, ya ƙone a damunar bara sakamakon obahitin, kuma a madadinsa muka ɗora 3RZ-FE mai lita 2.7, ɗan Kwatano, wanda ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar inji, ce ke sarrafa masa mai da wuta. Ƙarar injin ta yi daɗi, babu yoyon mai, babu hayaƙi. Sai dai mun bar shi yana aiki kusan minti 20, hos ɗin sama ya yi zafin da hannu ba zai iya riƙe shi ba, amma allurar agogon zafi tana kwance a ƙasan harafin C, alamar sanyi, ko motsi ba ta yi ba.

Bakanikena, dattijo ne da na girma ina ganinsa a wannan sana'a, ya ce mini: "Malam, ka tafi da motarka. Mu cire tamostat, ka riƙa duba ruwa kullum da safe, babu abin da zai same ta." Na ce masa: "Baba, ka yi haƙuri, motar nan ba za ta hau titi ba sai na ga allurar nan tana faɗin gaskiya, kuma tamostat ɗin a bar shi inda yake." Tamostat shi ne ke tare ruwa daga zuwa lagireto har sai inji ya yi zafi. Dalilina shi ne, ranar da tsohon injin ya ƙone, direbana ya rantse cewa allura tana tsakiya har zuwa lokacin da ya ga tururi. Ban yarda da shi ba a lokacin, amma maganar ta tsaya mini a rai. Zan riƙa rubuta duk abin da aka yi da abin da aka kashe a kan wannan agogo kaɗai.

Litinin, 19 ga Fabrairu

An kira rewaya. Ina wajen aiki ya zo ya gama, aka biya shi N5,000. Da na iso da yamma, allura ta ɗan ɗaga daga inda take kwance, amma ba ta kai ko layin farko ba, kuma ƙaramin ƙwan gargaɗi na ƙwaƙwalwa da muka maƙala a dashbod yana kunne.

Laraba, 21 ga Fabrairu

Jiya da safe, cikin sanyin hunturu, injin ya ƙi tashi sai da aka yi ta murza makulli, alhali ranar Asabar bugu ɗaya ya tashi. Yau na ɗauki hutun rabin yini na zauna a kan aikin da kaina. Na haɗa ramukan TE1 da E1 a soket ɗin binciken matsalar inji da guntun waya, na kunna makulli, ƙwan ya ƙifta sau biyu, ya dakata, ya sake ƙiftawa sau biyu. Lamba 22 ke nan, wato matsala a layin sansar da ke auna wa ƙwaƙwalwa zafin ruwa.

Da na bi wayoyin sai na ga abin da ya faru. Wannan inji sansar zafi biyu gare shi. Ɗaya mai waya biyu ce, tana bayan kan silinda, kusa da bangon da ya raba inji da mazaunin direba, inda hannu ke shiga da ƙyar, ita ce ta ƙwaƙwalwa: ƙwaƙwalwa na tura mata volt 5 ta layin THW, ta dawo ta layin E2, kuma da ita take sanin yawan man da za ta ba inji. Ɗayar ƙarama ce mai waya ɗaya, ita ce ta agogo, kuma ta jikin ƙarfenta take samun at, wato hanyar komawar wuta. Rewaya ya feɗe layin THW ya ɗaura wayar agogo a kai. Agogo kuwa da wutar batir yake aiki, don haka ya riƙa tura wuta mai ƙarfi cikin layin da aka yi don volt 5. Ƙwaƙwalwa ta ga abin da ba ta gane ba, ta watsar da sansar, ta ɗauka cewa ruwa yana digiri 80 ko da yaushe, kamar yadda aka tsara ta ta yi idan layin ya lalace. Injin da ya kwana cikin sanyi ana ba shi man injin da ya riga ya yi zafi, dole tashi ya yi wuya.

Ko da ba a yi wa ƙwaƙwalwa illa ba, wannan haɗi ba zai taɓa ba da karatu na gaskiya ba. Sansar ƙwaƙwalwa turjiyarta, wato yadda take tare wa wuta hanya, tana tsakanin om 2,000 da 3,000 a digiri 20, ta sauka zuwa wajen om 300 a digiri 80. Agogo kuma yana jiran turjiyar da ke wajen om 60 zuwa 70 a irin wannan zafin. Abin da sansar ƙwaƙwalwa ke kira zafi, a wurin agogo sanyi ne ƙalau.

Na kwance ɗaurin, na yi wa wayar dalma, na rufe ta da robar da ke tsukewa da wuta, na zare fis ɗin EFI na minti ɗaya don share lambar. Ƙwan ya mutu, injin ya koma tashi bugu ɗaya. Na gode wa Allah da ƙwaƙwalwar ba ta ƙone ba, domin kuɗinta ya ninka duk abin da zan kashe a wannan aiki.

Ƙaramar sansar agogo kuwa na tarar harshenta ya karye daga tushe, wataƙila tun lokacin da aka datse wayoyi aka ciro injin daga motarsa ta asali. Shi ya sa rewaya bai ga inda zai maƙala waya ba.

Alhamis, 22 ga Fabrairu

Na gwada agogon shi kaɗai. Wayarsa ita ce ruwan ɗorawa mai ratsin kore, na same ta tana reto a gefen dama, inda sansar tsohon inji take a da. Na haɗa ta da jikin mota ta cikin ƙaramin ƙwai mai wat 3.4, don kada wuta ta yi wa agogon yawa, na kunna makulli, allura ta tashi a hankali ta nufi H, alamar zafi. Agogo da wayarsa lafiya suke.

Lahadi, 25 ga Fabrairu

Jiya na sayo sansa biyu: sabuwa a kwali daga wani shago, N3,500, da tsohuwa ta asali da aka kwance daga wani inji irin nawa a Ƙofar Ruwa, N6,000. Na kuma sayi ma'aunin zafi irin na masu girki, mai tsinken ƙarfe, N4,500. A ido babu bambanci tsakanin sansar biyu, zarensu ɗaya, tsawonsu ɗaya.

Yau bayan azahar na ɗora tukunya a risho, na rataye su a waya yadda bakinsu kawai ke cikin ruwa ba tare da sun taɓa gindin tukunya ba, ƙanina yana riƙe da ma'auni yana faɗa mini digiri, ni kuma ina karanta turjiyarsu a mitar auna wuta. Ƙa'idar wannan sansa ita ce om 160 zuwa 240 a digiri 50, sannan wajen om 17 zuwa 21 a digiri 120. Tsohuwar ta ba ni 205 a digiri 50, ta ba ni 62 a digiri 82, ta ba ni 36 lokacin da ruwa ya tafasa. Sabuwar kuwa 410 ta nuna a digiri 50, kuma a tafasa ba ta sauka ƙasa da 95 ba. Da ita na ɗaura, da ruwa zai riƙa tafasa a cikin inji allura tana nuna cewa bai gama ɗumi ba, ni kuma hankalina kwance. Wannan ya fi mataccen agogo haɗari, domin mataccen agogo ba ya sa mutum ya saki jiki.

Ruwan ya tafasa ne a digiri 98 da ɗoriya, ƙanina ya ce ma'aunin ne ba daidai ba. Daidai yake. Kano tana sama da teku da kusan mita 480, kuma duk inda ƙasa ta yi tudu ruwa kan tafasa kafin ya kai 100. A Jos ma wajen 96 ne. Wannan ya zama mini gwajin ma'aunin kansa.

Abin da na riƙe daga yau shi ne, sansa abokiyar agogo ce, da shi ake aura ta. Shigarta ramin inji ba ya nuna komai game da karatunta.

Talata, 27 ga Fabrairu

An ɗaura tsohuwar sansar, yaron gareji ne ya shigar da ita saboda hannunsa ya fi nawa sirantaka. Allura ta tashi, amma tana rawa, wani lokaci ta faɗi gaba ɗaya. Na auna tsakanin jikin sansar da kan silinda, mita ta nuna turjiya mai hawa da sauka, alhali sifili ya kamata ta nuna. Da muka kwance sai ga farin tef na masu famfo an naɗe zaren da shi har ninki huɗu. Yaron ya ce: "Oga, don kada ta yi yoyo ne." Niyyarsa mai kyau ce, kuma ban gaya masa ba tun farko, saboda haka na zaunar da shi na nuna masa cewa sansa mai waya ɗaya ta zarenta wuta ke komawa, idan aka rufe zaren an yanke mata hanya. Zaren nata mai tsukewa ne, yana toshe kansa; ɗigon gam na ruwa a zare biyu na sama ya isa. Mun ɗaure ta a hankali domin kan silindar alminiyom ne.

Mun cika ruwa da maganin lagireto, N12,000, muka ɗaga gaban motar, muka bar inji yana aiki murfi a buɗe har kumfar iska ta daina fitowa. Allura ta hau ta tsaya ƙasa kaɗan da tsakiya.

Asabar, 2 ga Maris

Fitar farko, kuma ranar da ta fi tayar mini da hankali. Ban yi kilomita shida a titin Zariya ba sai na ga allura ta yi tsalle daga tsakiya ta buge H cikin ƙiftawar ido. Na gangara gefe na kashe inji, gabana yana faɗuwa, ina tuna damunar bara. Na buɗe bonet, babu tururi, babu warin ruwa mai ƙuna, robar ajiyar ruwa tana daidai layinta, tsinken ma'aunin da na manna a jikin bututun ruwa na sama ya nuna 80 da wani abu. Da na natsu sai na tuna cewa ruwa lita takwas ko fiye ba ya ƙara digiri 30 cikin daƙiƙa ɗaya. Allurar da ta yi tsalle irin wannan, waya ce ta taɓa ƙarfe.

Haka kuwa aka yi. A 22R bututun hayaƙi yana gefen hagu ne, a 3RZ kuma yana gefen dama, wato daidai inda tsohuwar wayar agogo ta saba bi. Ƙarin wayar da muka yi ranar Talata ya kwanta a kan murfin bututun hayaƙi, roba ta narke, tagulla ta taɓa ƙarfe. Laifina ne, domin ni na ce a bar ta haka zuwa a gama gwaji. Na raba ta da ƙarfen na naɗe da tef na dawo gida.

Da yamma na zare wayar tun daga inda ta fito daga bango, na sauya ta da sabuwa, na zura ta cikin rigar kariya, na bi da ita ta jikin bango ta sama, na ɗaure ta duk bayan taƙi ɗaya, na bar mata ɗan sassauci a ƙarshe saboda girgizar inji. Waya da riga da maɗauri, N4,000.

Lahadi, 3 ga Maris

Zagaye cikin gari na minti 40, allura ba ta yi wani abin mamaki ba.

Alhamis, 7 ga Maris

Daren jiya na lura cewa duk lokacin da na kunna manyan fitilu allura tana ƙara hawa kamar kaurin tsinken ashana biyu, idan na kashe ta dawo. Zafin ruwa ba shi da alaƙa da fitila, don haka na san batun at ne. Yau na sa mita tsakanin jikin inji da jikin mota, inji yana aiki, fitilu da fankar ɗaki a kunne, na sami rabin volt. Bai kamata ya wuce 0.1 ko kusa da haka ba.

Agogo yana samun at ɗinsa daga jikin mota, sansa kuma daga jikin inji. Wutar da fitilu suka sha sai ta bi ta jikin mota ta koma wa altaneto da ke jikin inji, kuma idan hanyar komawar ta yi ƙunci sai bambanci ya shiga tsakanin jikin biyu, agogo ya karanta shi a matsayin ƙarin zafi. Lokacin sauya inji an mayar da babbar wayar batir zuwa inji, amma an manta da wadda ke haɗa kan silinda da bango. Na sayi saƙaƙƙiyar waya mai kauri, N3,000, na kankare fenti har ƙarfe ya fito fari, na ɗaure. Bambancin ya sauka zuwa 0.04, allura ta daina kula fitila. Na ga har sitata ta ƙara kuzari.

Asabar, 9 ga Maris

Yau na yi gwajin da na daɗe ina son yi. Na cire waya daga sansa na haɗa ta da maɓallin turjiya mai juyawa, irin na ƙarar rediyo, N500, na riƙa saita shi a kan alƙaluman da na samu a tukunya ina kallon allura. A om 205 ta tsaya a C. A 62, wato digiri 82, ta zo ƙasa kaɗan da tsakiya. A 47, kimanin digiri 90, tana nan. A 36, inda ruwa ke tafasa a tukunya, da ƙyar ta ƙara kaurin gashi. Sai da na sauka ƙasa da 28 sannan ta fara tafiya, daga nan kuma ta ruga zuwa ja da sauri.

Ashe agogon an tsara shi ne ya zauna a tsakiya a faɗin digiri 20 ko fiye, don kada direba ya riƙa damuwa da ƙananan sauye-sauye, kuma agogunan motoci da yawa haka suke. Murfin lagireto mai riƙe matsin bar 0.9 yana ɗaga tafasar ruwa zuwa kusan digiri 118, saboda haka a mota mai lafiya akwai sauran tazara. Amma motar da ke ɗaukar buhu 20 a zafin bazara, mai tsohon lagireto, tana bukatar a ga hawan zafin tun yana 95. Akwai kuma abu na biyu: idan hos ya fashe ruwa ya zube, sansa takan zauna cikin iska, ta daina jin zafin da ƙarfe ke ciki.

Da magariba na kira direbana na gaya masa abin da na gani, na ce ya yafe mini zargin da na yi masa bara. Ya ce: "Yallaɓai, wallahi ban taɓa ɗauke ido daga kanta ba." Yanzu na yarda.

Na yanke shawarar barin agogon asali a yadda yake, in ƙara na biyu mai lambobi.

Asabar, 16 ga Maris

Azumi ya kama tun Litinin, don haka aikin safe kawai nake yi. Na samu agogon VDO mai nuna digiri 40 zuwa 120 tare da sansarsa, N38,000. Kafin komai na sa ta a tukunya: ƙa'idarta om 287 a digiri 40, wajen 69 a digiri 80, wajen 38 a digiri 100, kuma abin da na auna bai kauce ba sai da kaɗan.

Inda za a ɗaura ta ne ya ɗauki tunani. Baba ya ba da shawarar a yanka hos ɗin sama a sa mahaɗi, kamar yadda aka saba. Na ƙi, saboda ruwa ba ya gudana sosai ta nan sai tamostat ya buɗe a wajen digiri 82. Ranar da ya maƙale a rufe, wato ranar da na fi bukatar agogon, sansar za ta zauna cikin ruwan da ba ya motsi. Ramin sansar asali kuma ba zai karɓe ta ba, ko da na so: zarensa na Birtaniya ne mai zagaye 28 a inci, nata kuma na Amurka ne mai 27. Sukan kama juna zagaye biyu ko uku, mutum ya ɗauka sun dace, ya matsa da sifana ya ɓata ramin alminiyom.

Mafita ta fito daga hos ɗin hita. Hitar motar ta daɗe da mutuwa, an zagaye ta da guntun hos daga bayan kan silinda zuwa bututun komawa, kuma ruwa yana bin wannan hanya ko tamostat ya buɗe ko bai buɗe ba. Na kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe zane, ya yi mini mahaɗi na tagulla mai baki biyu da rami a tsakiya, da ɗan kunne na ɗaura wayar at, tun da roba ce ta riƙe shi ta kowane gefe. N9,000. Na tabbatar bakin sansar ya leƙa cikin tsakiyar ruwan.

Talata, 19 ga Maris

Rewaya ya dawo, wannan karon ina tsaye. Wuta daga layin da makulli ke kunnawa ta cikin fis mai amfiya 5, at zuwa ƙusa ɗaya da ta dashbod, bakin agogo mai harafin G zuwa sansa, ƙwan agogo zuwa layin ƙananan fitilu. Na nuna masa lamba 22 da alƙaluman tukunya, ya karɓa da kyau, har ya nemi in rubuta masa su. Aikinsa ya fita tsaf. N7,000.

Asabar, 23 ga Maris

Gwaji da kaya: buhu 18 na taki, daga Kano zuwa Kadawa ta Kura, mun tashi ƙarfe 11 na safe, muka dawo da azahar rana tana tsaka. A buɗaɗɗen titi sabon agogo ya zauna tsakanin 84 da 88. Daga tashi, na ga ya hau zuwa 85 ya ɗan sauko, alamar tamostat ya buɗe, kuma na nuna wa Baba wannan da muka dawo. Ya ce shi dai a zamaninsu cirewa suke yi, amma bai ƙara cewa a cire ba. A cunkoson shigowa gari, inda muka yi kusan minti 15 muna tafiyar hawainiya, ya kai 97. Duk tsawon wannan lokaci allurar asali tana inda take, ba ta gusa ba.

Wannan 97 ɗin bai kwanta mini ba. Da na duba sai na ga cewa rumfar fanka ta tsohon inji ba ta dace da sabon ba, an ajiye ta gefe, fanka tana juyawa a fili da tazarar yatsu huɗu daga lagireto, tana jan iska daga gefe maimakon ta cikinsa. Da agogon asali kaɗai nake da shi, da ban san da wannan ba sai a watan Afrilu.

Jimillar abin da aka kashe zuwa yau N92,500, har da N3,500 na sansar da ba ta da amfani da N5,000 na haɗin farko. Ranar Litinin zan kai motar wurin mai walda a auna a ƙera rumfar fanka da falle, sannan a gwada kulocin fankar yana zafi. Bayan Sallah zan nemo sansar da ke yin ƙara idan ruwa ya ragu, a ɗaura ta a saman lagireto, domin ko sabon agogon ba zai ga ruwan da ya zube ba. Tafiyar Jos ta hanyar Falgore da Saminaka tana jiran sai na ga cunkoson gari bai wuce da shi 92 ba.